Ɗigon Jini a Kan Kati: Me Gwajin Omega-3 Yake Faɗa Game da Zuciya?

A Amurka da Jamus mutum yana iya yin odar wani ɗan ƙunshi ta intanet a kawo masa har gida. A ciki akwai 'yar allura da kati mai zanen da'ira. Zai soki yatsarsa, ya ɗiga jini a kan katin, ya bar shi ya bushe, ya mayar ta gidan waya. Ba da daɗewa ba sai a aiko masa da lamba guda: kashi 4.5, ko 6, ko 9 cikin 100. Wannan lambar ita ce Ma'aunin Omega-3, kuma masu sayar da gwajin suna cewa tana nuna ko zuciyar mutum tana cikin haɗari ko tana cikin aminci. Idan ta yi ƙasa, shawarar ba ta canzawa: ka ƙara cin kifi, ko ka sayi kafson man kifi, bayan wata huɗu ka sake gwadawa.

Tambayoyi biyu ne a nan, kuma talla takan cakuɗa su. Shin lambar tana faɗin gaskiyar abin da ke cikin jikin mutum? Sannan, idan aka ɗaga ta, zuciya za ta samu kariya? Ta farko tana da amsa mai gamsarwa. Ta biyun ce likitocin zuciya suka shafe fiye da shekara ashirin suna kai ruwa rana a kanta.

Jiki yana iya haɗa yawancin maiƙon da yake bukata daga tuwo da shinkafa da duk abin da aka ci. Iri biyu ne ba ya iya haɗawa, dole su shigo ta baki. George Burr da matarsa Mildred ne suka gano haka a Jami'ar Minnesota a 1929 da 1930. Sun ciyar da ɓeraye abincin da aka tsame masa maiƙo gaba ɗaya, sai girmansu ya tsaya, fatarsu ta yi ɓawo, jelarsu ta lalace. Da aka ɗiga musu ɗan mai mai ɗauke da sinadarin linoleik, sai suka warware. Linoleik shi ne uban dangin omega-6, yana da yawa a man gyaɗa, man riɗi, man masara da man auduga. Na biyun, alfa-linolenik, shi ne uban dangin omega-3, ana samunsa a man waken suya da man kanola. Daga shi jiki yake ƙera wasu dogayen sinadarai biyu, EPA da DHA, amma a wannan aikin jiki rago ne: abin da yake mayarwa EPA bai cika kai kashi 10 cikin 100 ba, na DHA kuwa ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Shi ya sa yawancin EPA da DHA da ke cikin jinin mutum daga kifi suka fito, shi kuma kifin daga ƙananan tsirran ruwa ya same su.

Rashin waɗannan sinadarai na ainihi, irin wanda ya kama ɓerayen Burr, ba kasafai ake ganinsa a mutum ba, sai ga majinyacin da aka daɗe ana ciyar da shi ta jijiya ba tare da maiƙo ba, ko wanda hanjinsa ba ya tsotsar kitse. Wannan yana da gwajinsa na asibiti, wanda Ralph Holman ya tsara tuntuni, kuma ba a jayayya a kansa. Gwajin katin da ake aikawa ta gidan waya wani abu ne daban: ba cuta yake nema ba, hasashen abin da zai faru nan gaba yake yi.

Asalin hasashen yana komawa ne Girinlan. A 1970 likitoci biyu 'yan Danmak, Hans Olaf Bang da Jørn Dyerberg, suka je yankin Uummannaq suka ɗebi jinin mutanen Inuwit 130, al'ummar da abincinta naman dabbobin teku ne da kifi, kitse a kan kitse. An daɗe ana cewa waɗannan mutane ba sa fama da bugun zuciya. Likitocin suka tarar jininsu cike yake da EPA, kuma ba ya saurin daskarewa. Daga nan aka gina zancen man kifi da kasuwarsa. Sai dai a 2014 George Fodor da abokan aikinsa a Ottawa suka koma suka bi takardun, suka nuna cewa Bang da Dyerberg ba su taɓa auna yawan ciwon zuciya a tsakanin Inuwit da kansu ba. Sun dogara ne da rahotannin mace-mace na yankin da likita ke da wuyar gani. Binciken da aka yi daga baya ya nuna toshewar jijiyoyin zuciya ba baƙuwa ba ce a wurinsu, shanyewar ɓarin jiki ma ta fi yawa. A 2015 kuma aka gano Inuwit suna da sauye-sauye a ƙwayoyin gadon da ke sarrafa irin wannan maiƙo, wato jikinsu ya saba da abincin ta hanyar da jikin Bature ko na Bahaushe bai saba ba. Wannan bai rushe batun omega-3 ba, amma ya kamata a sani cewa harsashin ginin bai kai ƙarfin da ake ba shi ba.

Ma'aunin kansa William Harris na Amurka da Clemens von Schacky na Jamus ne suka gabatar da shi a 2004. Dabararsu mai kyau ce. Kowace jar ƙwayar jini tana lulluɓe da tantani na maiƙo, kuma irin maiƙon da mutum ke ci shi ke shiga tantanin. Idan aka tsame maiƙon, aka mayar da shi tururi, aka bi da shi ta na'urar da ke rarrabe sinadarai, za a ga kashi nawa ne EPA da DHA a cikin jimillar. Da yake jar ƙwayar jini tana rayuwa kimanin kwana 120, lambar ba kifin da aka ci jiya da daddare take nunawa ba, abincin watannin baya take nunawa. Masu ciwon suga sun san irin wannan a gwajin HbA1c. Ma'aunin ya kuma fi tambayar mutum abin da ya ci, domin kowa ya san yadda ake amsa wa likita irin wannan tambaya. Harris da von Schacky suka ce kashi 8 zuwa sama shi ne abin so, kashi 4 zuwa ƙasa kuwa haɗari ne. Yana da kyau mai karatu ya san cewa dukansu biyu sun kafa kamfanonin da ke yin gwajin, OmegaQuant a Dakota ta Kudu da Omegametrix kusa da Munich. Ba ɓoyewa suke yi ba, kuma wannan bai mayar da bincikensu ƙarya ba. Amma wanda ya shata iyaka shi ke sayar da abin awo, don haka a karanta da ido biyu.

Hujjojin da ke bayansu ba na wasa ba ne. A 2002 Christine Albert da abokan aikinta suka duba jinin da aka ajiye na likitocin Amurka maza waɗanda aka bi rayuwarsu shekaru da dama. Waɗanda omega-3 ya fi yawa a jininsu, haɗarin mutuwar fuju'a ta tsayawar zuciya ya ragu musu da kusan kashi 80 cikin 100 idan aka kwatanta da na can ƙasa. A binciken garin Framingham da aka buga a 2018, mai mutum kimanin 2,500, waɗanda lambarsu ta haura 6.8 sun samu ragin mutuwa na kusan kashi ɗaya cikin uku a kan waɗanda ba su kai 4.2 ba. A lura, rukunin sama a nan ya fara ne daga 6.8, bai ma kai takwas ɗin da ake nema ba, domin Ba'amurke mai kashi 8 abin nema ne, alhali a Jafan da Koriya ta Kudu ba abin mamaki ba ne. A 2021 aka haɗa bincike 17 masu mutum fiye da 42,000, aka samu ragin mutuwa na kashi 15 zuwa 18 ga masu lamba mafi girma. Wannan adadin na ƙarshe shi na fi yarda da shi: ya fi tawali'u, kuma an saba ganin cewa duk lokacin da bincike ya faɗaɗa, manyan alƙaluman farko sukan sauko.

To, a nan gizo ke saƙar. Duk waɗannan binciken sa ido ne kawai: an auna mutane, an zuba musu ido, an ƙirga wanda ya mutu. Amma wane ne ke cin kifin teku sau uku a mako a Boston? Galibi mai hali ne, mai ilimi, wanda ba ya shan taba, yana motsa jiki, yana ganin likita a kan kari, kuma kifin da ya ci ya hana shi cin wani abin da ya fi illa. Masana suna ƙoƙarin cire tasirin waɗannan da lissafi, amma ba a iya cire su duka. Furfura ma tana hasashen wanda zai riga wani mutuwa, amma rina gashi bai taɓa ƙara wa kowa kwana ba. Likitancin zuciya ya sha faɗawa wannan rami. Kolestarol nau'in HDL yana tafiya tare da lafiyar zuciya a kusan kowane bincike, amma da aka ƙera maganin ɗaga shi, torcetrapib, dole aka tsayar da gwajinsa a 2006 saboda masu shan sa sun fi mutuwa. Haka sinadarin homosistin: bitamin B ya sauke shi a jini, bugun zuciya bai ragu ba.

Hanyar raba gardama ita ce a raba mutane gida biyu ta ƙuri'a, a ba wasu man kifi, a hana wasu, a ga abin da zai biyo baya. Gwaje-gwajen farko sun ba da ƙwarin gwiwa. A Wels, a 1989, maza 2,033 da suka taɓa samun bugun zuciya: waɗanda aka shawarta su riƙa cin kifi mai maiƙo, mutuwa ta ragu musu da kashi 29 cikin shekara biyu. A Italiya, a 1999, gwajin GISSI mai majinyata 11,324 ya ba da giram 1 a rana, mutuwar fuju'a ta ragu da kashi 45. A Jafan, a 2007, gwajin JELIS mai mutum 18,645 ya ƙara giram 1.8 na EPA a kan maganin kolestarol na statin, matsalolin jijiyoyin zuciya suka ragu da kashi 19. Amma a dukansu uku majinyaci da likitansa sun san wanda ke cikin wane rukuni, kuma a zamanin biyun farko statin da sauran magungunan yau ba su yaɗu ba.

Da aka koma gwaje-gwajen da ake ɓoye wa kowa abin da ke cikin kafso, sai labari ya sha bamban. ORIGIN a 2012, mutum fiye da 12,500: ba bambanci. ASCEND a Birtaniya a 2018, masu ciwon suga 15,480: babban abin da aka auna bai motsa yadda za a dogara da shi ba. VITAL a Amurka, mutum 25,871 da aka bi fiye da shekara biyar: jimillar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ba ta ragu ba, ko da yake bugun zuciya shi kaɗai ya ragu da kashi 28, kuma ragin ya fi fitowa a waɗanda ba su cika cin kifi ba da kuma baƙaƙen fata. Wannan na ƙarshe yakan ja hankalin ɗan Afirka, amma sakamako ne na ƙaramin rukuni a cikin gwajin da babbar tambayarsa ta fito babu, kuma irin wannan yakan zo bisa dace. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai dai ta yanke hukunci a 2019 cewa giram 1 a rana ba ya hana sake samun bugun zuciya, aka janye amincewar da aka yi a baya.

Gwaje-gwaje biyu ne suka fi rikita al'amarin, domin kusan tagwaye ne amma sun yi hannun riga. REDUCE-IT, wanda Deepak Bhatt ya jagoranta, ya ɗauki majinyata 8,179 masu shan statin waɗanda kitsen jininsu nau'in tiraigiliserayid ya yi yawa, ya ba rabinsu giram 4 na tsantsar EPA a rana. Kashi 17.2 ne suka gamu da babbar matsalar zuciya, a ɗaya rukunin kuwa kashi 22. A kan haka hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da maganin, Vascepa, don kare zuciya a Disamba 2019. Sai ga STRENGTH a 2020, majinyata 13,078 masu kama da waɗancan, giram 4 na EPA haɗe da DHA: aka tsayar da shi tun kafin wa'adi saboda babu alamar amfani. Wasu sun ce DHA ne ya ɓata lissafi. Wasu kuma suka nuna kafson bogin da aka ba rukunin kwatance: a STRENGTH man masara ne, a REDUCE-IT kuwa man ma'adini ne, kuma waɗanda suka sha shi mugun kolestarol ɗinsu ya hau da kusan kashi 10, alamun kumburi a jininsu ma suka ƙaru. Wato mai yiwuwa wani ɓangare na nasarar ya fito ne daga cutar da rukunin kwatance. Har yau ba a rufe wannan gardama ba.

Masu goyon bayan ma'aunin suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Von Schacky ya daɗe yana cewa an tsara gwaje-gwajen kamar na maganin da babu shi a jiki sai an sha, alhali kowa yana ɗauke da omega-3 tun kafin a fara. Idan aka ba wanda yake da kashi 7 kafso, me ake tsammani? Ga shi mutane sun bambanta wajen tsotsa: mai ƙiba yana bukatar fiye da siriri, kuma wanda ya haɗiyi kafso da shayi kawai, ba abinci mai maiƙo, kaɗan ne zai shiga jininsa. Kamata ya yi, in ji su, a zaɓi masu ƙarancin lamba, a ɗaga ta har takwas, sannan a ƙirga.

Hankali ya ɗauki wannan magana. Matsalar ita ce inda aka ɗan gwada ta ba ta yi fice ba. Steven Nissen da abokan aikinsa sun koma cikin STRENGTH suka ware waɗanda EPA ya fi hauhawa a jininsu, suka tarar ba su fi sauran tsira ba. A Jafan, gwajin RESPECT-EPA ya yi kusan abin da ake nema: ya auna jini tukuna, ya ɗauki majinyata kimanin 2,500 masu ƙarancin EPA, ya ba rabinsu giram 1.8. Sakamakon ya karkata wajen amfani, kashi 9.1 a kan 12.6, amma ya tsaya dab da layin da masana lissafi ke amincewa da shi, bai tsallake ba. Babban gwajin da zai kai mutane kashi 8 da gangan ya nuna sun fi tsawon rai, shi ne har yanzu ake jira. Wannan ne dalilin da ya sa manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka da Turai ba su sa gwajin cikin abin da ake yi wa kowa ba, kamar awon hawan jini da kolestarol da suga.

Kuma bin lamba da kafso ba kyauta ba ne. Da aka haɗa manyan gwaje-gwaje bakwai a 2021, masu mutum fiye da 81,000, an ga man kifi yana ƙara haɗarin karkarwar ɗakunan sama na zuciya da kashi 25, kuma ga masu shan fiye da giram 1 a rana ƙarin ya kusa kashi 50. Wannan rikicewar bugawa tana iya haifar da gudan jini ya tafi ƙwaƙwalwa. Abin lura shi ne, a binciken sa ido, mutanen da omega-3 ya yi yawa a jininsu ba a ga wannan ƙarin a tare da su ba. A ganina wannan shi ne abin da ya fi komai tona asirin ma'aunin: kashi 9 na mutumin da ya tashi yana cin kifi da kashi 9 na wanda ya haɗiyi kafso huɗu a rana, a kan takarda iri ɗaya ne, a cikin jiki ba lalle ba.

Wasu kamfanonin sukan ƙara wata lamba, rabon omega-6 da omega-3, suna tsoratar da mutane cewa man gyaɗa da danginsa suna kunna kumburi. Wannan ba na ba shi muhimmanci. Da aka haɗa bincike 30 a 2019, masu mutum fiye da 68,000, waɗanda linoleik ya fi yawa a jikinsu ciwon zuciya ya fi ƙaranci a cikinsu. Kuma mutum yana iya gyara rabon ta hanyar rage abu mai amfani ba tare da ya ƙara komai ba. Sai kuma matsalar awo: wani ɗakin gwaji jajayen ƙwayoyi yake aunawa, wani ruwan jini, wani jinin gaba ɗaya, kowanne da lambarsa. Iyakar 4 da 8 ta hanyar awo guda ce, ba a ɗora ta a kan sakamakon kowane ɗakin gwaji.

Duk da haka gwajin yana da wurinsa. Mai bincike yana bukatarsa. Wanda ba ya cin kifi ko nama sam, ko wanda likita ya ɗora a kan magani ana son a tabbatar yana shiga jini, zai iya ƙaruwa da shi. Ga sauran jama'a, abin da zai gaya maka ka riga ka sani: kana cin kifi mai maiƙo ko ba ka ci.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin dalilin taka-tsantsan, domin an gina ma'aunin ne a kan cutar toshewar jijiyoyin zuciya, wadda ta fi kashe Turawa. Binciken THESUS-HF na 2012, wanda ya duba majinyata kimanin 1,000 masu gazawar zuciya a ƙasashen Afirka tara har da Nijeriya, ya samu hawan jini ne sanadin kusan kashi 45, toshewar jijiyoyi kuwa ba ta kai kashi 10 ba. A Kano da Zariya da Sakkwato akwai kuma ciwon zuciyar masu jego, wanda likitoci suka fara rubutu a kansa a Zariya tun shekarun 1970, da lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi wa magani ba. Ma'aunin Omega-3 ba a tsara shi don hasashen ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ga masu sikila kuma lissafin wata huɗu bai shafe su ba, domin jar ƙwayar jininsu kwana 10 zuwa 20 take yi. Mai kuɗin aika kati ƙasar waje gara ya sayi na'urar awon hawan jini ya ajiye a gida, ya rage gishiri da dunƙulen miya.

Kifin kuwa ba shi da abokin gardama. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka tana ba da shawarar a ci sau biyu a mako, kimanin giram 100 kowane karo, zai fi kyau mai maiƙo. Titus na ƙanƙara da ake sayarwa a kasuwanninmu yana cikin na gaba-gaba a duniya, yana ɗauke da fiye da giram 1 na EPA da DHA a kowane giram 100, alhali kafson man kifi na yau da kullum mai miligiram 1,000 bai cika wuce miligiram 300 na waɗannan biyun ba. Shawa da sadin na gwangwani su ma suna da rabonsu. Tarwada da karfasa na gonar kifi ya danganta da abincin da aka ba su, kuma galibi ba su kama ƙafar titus ba. Busasshen kifin Norway da ake sawa a miya nama ne zalla, domin irin wannan kifin a hantarsa yake tara mai, kuma an cire ta tun kafin a shanya shi.